Yadda A Ke Gane Inda Baƙin Mai Ke Yoyo A Injin Mota

An shirya wannan darasi ne domin Hakimai da malamansu na ƙasashen Ƙanƙara da Faskari da Sabuwa, a kudancin Jihar Katsina, waɗanda ke da mota a hannunsu, ko tasu ta kansu, ko wadda hukuma ta ba su don rangadi da zuwa Katsina in Sarki ya yi kira. Ba a nufin Hakimi ya tuɓe riga ya shiga ƙarƙashin mota da sifana. Abin da a ke bukata shi ne, in direba ya zo ya ce mota tana zubar da baƙin mai, wanda zai ba da izinin kashe kuɗi ya san tambayar da zai yi, ya kuma iya rarrabe amsar da ta kama hankali da wadda ba ta kama ba.

Aikin baƙin mai a cikin injin shi ne ya shiga tsakanin ƙarfe da ƙarfe don kada su goga juna, ya kwashe zafi, ya kuma wanke dauɗa ya kai ta ga filta. Ƙaramar mota ta kan ɗauki kimanin lita 4, Hilux mai shan gas kuwa ta kan ɗauki wajen lita 7. In man nan ya tsiyaye alhali injin yana aiki, ƙarafan ciki su kan yi zafi su kama juna cikin 'yan mintoci kaɗan, shi ne a ke cewa injin ya buga. Kuɗin gyaran injin da ya buga ya ninka kuɗin toshe yoyo sau da yawa, balle tun shekarar 2023 da aka janye tallafin man fetur, darajar naira ta faɗi, kayan gyara da baƙin mai suka yi tsada.

Amma a waɗannan ƙasashe uku akwai abin da ya fi kuɗi. Babban gyara sai an dangana da Funtuwa ko Malumfashi, mutumin Sabuwa kuwa sai ya ratsa ta Ɗandume kafin ya isa Funtuwa. Hanyoyin nan sun sha fama da 'yan fashin daji, har a shekarar 2021 gwamnatin jiha ta hana motocin haya bin hanyar Ƙanƙara zuwa Sheme na wani lokaci. Motar da ta mutu a daji bayan la'asar, da Hakimi da 'yan rakiyarsa a ciki, ba maganar makanike ba ce kaɗai.

A zamanin En'e Land Rover ce motar rangadi. Daga shekarar 1975, da aka fara harhaɗa Peugeot a Kaduna, sai 504 ta zama motar manyan ma'aikata da sarakuna. Yanzu kuwa Toyota Hilux da Corolla da Peugeot 406 da Golf su ne suka cika hanya. Injunan sun sha bamban, amma halin mai bai sāke ba, don haka abin da za a faɗa a nan ya shafe su duka.

Inda ya ɗiga ba nan ne ya fito ba

Duk wanda ya taɓa kwana a ɗakin soro da damina ya san cewa inda ruwa ke ɗigowa a kan shimfiɗa ba lalle ne nan rufin ya tsage ba. Ruwa ya kan shiga ta wata 'yar kafa can gefe, ya bi azara, ya yi tafiya, kāna ya ɗigo a tsakiyar ɗaki. Maginin da ya yaɓa ƙasa daidai saman inda ya ɗiga ya yi aikin banza, gama in aka sake ruwa ɗakin zai sake yoyo. Haka baƙin mai ya ke. Yana fitowa daga bisa ya gangara ƙasa, iskar tafiya da ta fanka kuma tana tura shi baya, har ya taru a wuri mafi ƙasa ya riƙa ɗiga daga can. Saboda haka ne kwanon mai da ke ƙarƙashin injin, da mahaɗar injin da giyabos, su ka fi kowane wuri shan zargi, alhali sau da yawa ba su da laifi, masauki ne kawai man ya yi a jikinsu.

Ka'idar binciken duka ita ce a bi sawun mai a koma baya, daga ƙasa zuwa bisa, daga baya zuwa gaba, har a kai wuri mafi bisa wanda ya jiƙe, wanda samansa a bushe ya ke. Nan ne tushen. Kada a kwance kome, kada kuma a sayi kome, sai an kai wurin nan an gan shi da ido.

Da fari a tabbata baƙin mai ne

Mota tana ɗauke da ruwa iri iri, kuma direba ya kan kira kowane tabo da ya gani a ƙasa baƙin mai. In aka dawo daga tafiya a ajiye mota a wuri madaidaici, a shimfiɗa faffaɗan kwali mai tsabta ƙarƙashinta, a sa dutse a danne, a yi alama a jikinsa ta inda tayoyin gaba su ke. Da safe a jawo shi a duba.

Baƙin mai in sabo ne launinsa kamar na zuma, in ya yi aiki sai ya koma baƙi, na motar gas kuwa ya kan yi baƙi ƙirin kwana kaɗan bayan juye. Man giyabos na motar da a ke sa wa giya da hannu ya fi kauri, yana da wari mai hawa kai kamar na ruɓaɓɓen ƙwai. Na motar da ke sāke giya da kanta galibi ja ne, haka kuma man sitiyari a motoci da yawa. Ruwan lagireto kore ne ko ja-ja, ko ruwan tsatsa in ruwan rijiya a ke zubawa, ba shi da maiƙo. Ruwan da ke ɗiga daga na'urar sanyaya mota farin ruwa ne, ba shi da illa. Man birki kuwa kusan fari ne mai ɗan rawaya, yana da santsi, yana cin fenti, ana ganinsa ta cikin taya ko ƙarƙashin inda direba ke taka birki. In shi ne aka gani, motar nan ba ta fita ko nan da kasuwa sai an gyara.

A lura kuma da yadda injin ya ke kwance. A 504 da Hilux injin yana miƙe ne daga gaba zuwa baya, giyabos na bayansa. A Corolla da Golf da 406 kuwa a gicciye ya ke, watau gaban injin yana wajen taya ɗaya ta gaba, giyabos yana wajen ɗayar. Wanda bai san haka ba zai karanta tabon kwali a karkace.

Yoyo ne ko ƙonewa

Ba dukan man da ya ragu ne ya zube a ƙasa ba. Tsohon injin ya kan sha mansa ya ƙone shi tare da fetur. Alamarsa shuɗin hayaƙi daga salansa, musamman in an tayar da mota da safe ko an taka wuta bayan gangara, da fulogi masu baƙin maiƙo, ga kuma ƙarƙashin mota a bushe. Wani lokaci kuma mai ya kan haɗu da ruwa a ciki, in gasket na tsakanin kan injin da gangar jikinsa ya ƙone. A nan za a ga man da ke jikin geji ya koma kamar shayi da madara, ko a ga maiƙo yana yawo a bakin lagireto. Waɗannan biyu ciwon ciki ne, ba a neman su da wanki da kallo, sai makanike ya auna.

Awon mai shi ma yana da ka'ida. Mota ta tsaya a wuri madaidaici, a kashe injin a jira kamar minti 10 mai ya koma kwanonsa, a zaro geji a goge, a mayar har ƙarshe, a sake zarowa a duba. Tsakanin alamar bisa da ta ƙasa a yawancin motoci kimanin lita guda ne. Wasu direbobi su kan cika mai har ya wuce alamar bisa, wai don kada ya ƙare a hanya. Wannan kuskure ne, gama man da ya yi yawa ya kan yi kumfa, ya kuma matsa wa robobin injin har su fara yoyon da dā babu shi.

Kada a raina ɗigo. Ɗigo 20 ya kan yi kimanin mililita guda. In mai yana ɗiga sau ɗaya kowace daƙiƙa sa'ad da injin ke aiki, ɗigo 3,600 ke nan a awa, watau wajen mililita 180, cikin awa 5 ko 6 na tafiya lita guda ta tafi. Rangadin yini ɗaya ya isa ya kai geji ƙasa.

Wanki da farar ƙasa

Injin da ya daɗe yana yoyo a ƙasashen nan ba a iya ganin kome a jikinsa. Ƙurar hunturu da jar ƙasar hanya su kan haɗu da mai su yi kauri kamar yaɓe, ko'ina baƙi, ko'ina a jiƙe. Makaniken da ya leƙa irin wannan injin ya faɗi inda ke yoyo nan take, zato ya yi, ko da zatonsa ya zo daidai. Tilas a wanke tukuna.

A bari injin ya huce. A rufe kayan wuta da bakin da injin ke shaƙar iska da leda. A goge dauɗa da kananzir da buroshi, a bi da ruwan Omo, a ɗauraye a hankali ba da ruwa mai ƙarfi ba, a cire ledojin, a bar shi a rana ya bushe sarai. Kada a yi wankin da fetur, ko da direba ya ce haka aka saba, gama tartsatsi ɗaya daga batir ya isa ya cinye motar da wanda ke tsaye kusa da ita.

In ya bushe sai a barbaɗa farin gari a wuraren da a ke zargi. A manyan garejin birni akwai wani rini da a ke zubawa cikin mai, a haska da fitila ta musamman ya riƙa ƙyalli, amma ba sai an je neman wannan ba. Ƙasar Ƙanƙara ta shahara da farar ƙasa wadda a ke haƙa ana kai wa masana'antu, ita kuwa in ta bushe aka daka aka tankaɗe da rariya, ta wadatar da wannan aiki. Hodar shafawa ma ta yi, ko garin allin makaranta. A barbaɗa siriri a kan mahaɗai, kada ta shiga bakin zuba mai ko bakin iska ko kayan wuta. Sa'an nan a tayar da injin ya yi aiki a tsaye kamar minti 15, a kashe, a duba da tocila, a sa ɗan madubi don ganin bayan injin. Mai zai ja baƙin layi a kan farin garin, a bi layin har inda ya soma. In ba a ga kome ba a yi 'yar gajeriyar tafiya cikin gari a dawo a sake dubawa. Doguwar tafiya ta kan sake watsa man ko'ina, aikin ya ɓaci.

Wajibi ne a kiyaye rai a lokacin wannan aiki. Kada kowa ya shiga ƙarƙashin motar da jak kaɗai ke riƙe da ita, sai an tokare ta da kututture ko a kai ta bisa rami. Mai babbar riga ko rawani kada ya sunkuya kan injin da ke aiki, gama fanbel ba ya sakin abin da ya kama. A motocin zamani fanka ta kan tashi da kanta ko bayan an kashe injin. Kada kuma a bar injin yana aiki a rufaffen ɗaki, hayaƙinsa yana kisa.

Wuraren da a kan samu laifi

A soma daga bisa. Murfin da a ke buɗewa a zuba mai yana da 'yar roba a ciki, in ta bushe ko an bar murfin sako-sako, saman injin duka ya kan jiƙe. Ƙarƙashinsa akwai murfin saman injin, wanda gasket ɗinsa na roba ko na toshiya ya kan ƙandare saboda zafi, kuma shi ne ya fi kowane wuri yawan yoyo a tsofaffin motoci. Mansa ya kan ɗiga a kan bututun hayaƙi mai zafi, sai a riƙa jin ƙauri a cikin mota, ana ganin ɗan hayaƙi daga bonet in an tsaya. A wasu injuna ya kan cika ramukan fulogi har mota ta riƙa sheshsheƙa. Gyaransa ba shi da wuya ko tsada.

A gefen injin akwai filta. In yoyo ya soma kwana ɗaya ko biyu bayan juyen mai, nan ne farkon wurin dubawa. Wani lokaci tsohuwar robar filta ta kan manne a jikin injin, a ɗaura sabuwa a kanta ba a lura ba, roba biyu kuwa ba su riƙe mai, su kan fashe farat ɗaya mai ya zube cikin mintoci. Ana ɗaura filta da hannu ne, a shafa wa robarta ɗan mai, in ta taɓa jikin injin a ƙara murɗawa kamar kashi uku cikin huɗu na zagaye. Filtar jabu kuma ta yi yawa a kasuwa, ta kan tsatsa ta wajen ɗinkinta. Kusa da filta akwai wani ɗan ƙarfe mai waya ɗaya, shi ne ke kunna jar fitilar mai a gaban direba. Ƙarami ne, kuɗinsa kaɗan, amma in ya tsage ya kan zubar da mai da yawa, man kuma ya gangara ya ɓata sunan waɗansu wurare. A Hilux mai tobo a duba bututun da ke kai mai ga tobo da wanda ke komo da shi.

A gaban injin, bayan fulin da ke juya fanbel, akwai zoben roba da makanikai ke kira sil, wanda ya kewaye bakin karanshaf, watau babban ƙarfen da ke juyawa a cikin injin. In ya ci, fulin ya kan fesa man kewaye, a ga feshinsa a cikin bonet da jikin lagireto. A motocin da ke da bel na taimin wannan yoyo ba ya jiran lokaci, gama mai yana ruɓar da bel ɗin, in ya tsinke kuwa a injuna da yawa ɓarnar ta kan kai har kan injin.

A ƙasa sai kwanon mai da notin da a ke kwancewa a juye mai. Notin yana da washa wanda ya kamata a sāke shi a kai a kai. Yaran gareji su kan ɗaure shi da ƙarfin tsiya har haƙoran da ya ke kamawa su cinye, daga nan sai a koma naɗa masa zare ko leda. Kwanon kansa ya kan sha duka daga duwatsu, musamman a hanyoyin ƙauye da damina in ruwa ya zaizaye ƙasa ya bar dutse a tsakiyar hanya. Tsagar ta kan yi siriri kamar gashi, sai farar ƙasa ta nuna ta.

Lokacin da mai ke ɗiga shi ma shaida ne. Wanda ke ɗiga dare da rana, ko mota ta kwana uku a tsaye, daga ƙasa ya ke, watau noti ko kwano, gama nan ne mai ke kwance. Wanda ba ya fitowa sai injin yana aiki, ya kuma daina jim kaɗan bayan an kashe, daga wuraren da famfon mai ke turawa da ƙarfi ya ke, ko daga sil, ko daga bisa.

Sil na baya

Wannan wuri ya cancanci a tsaya a kansa, domin nan ne kuɗi ya fi salwanta. A bayan injin, inda ya haɗu da giyabos, akwai wani sil kamar na gaba. Shi kansa ba shi da tsada, amma ba a kai gare shi sai an sauke giyabos, aikin yini guda ko fiye. A ɗauka motar wani Hakimi ce ta ke ɗiga daidai wannan mahaɗa. Direba ya kai ta gareji, makanike ya leƙa ya ga ɗigo yana reto a wurin, ya ce sil na baya ne. Aka biya, aka sauke giyabos, aka sāke sil, aka mayar. Bayan kwana biyu ɗigo ya komo wurinsa. Da aka wanke aka barbaɗa gari, sai ga layin mai ya taso tun daga kusurwar baya ta murfin saman injin, inda ido ba ya kaiwa sai da madubi, ya bi bayan injin ya sauko. Gasket na ƴan kuɗi kaɗan ne ya jawo wannan hasara duka.

Ba lalle ne makaniken ya yi ha'inci ba. Sau da yawa gaggawar mai mota ce ke jawo haka, an kawo mota da azahar, an ce gobe da sassafe za a tafi Katsina, ba a ba shi sararin wanki da jiran bushewa ba. Hausawa sun ce ba a fafe gora ranar tafiya. Kafin a yarda da maganar sil na baya, sai an ga bayan injin daga bisa har ƙasa a bushe bayan wanki, man kuwa yana fitowa daga cikin mahaɗar. A sansana shi kuma, don in warin man giya ne, laifin na giyabos ne. In kulocin mota ya soma sulɓewa ko karkarwa tare da wannan yoyo, to zargin ya yi ƙarfi. In har an tabbata za a sauke giyabos, ya kyautu a duba kuloci a lokacin, kada a biya kuɗin sauka sau biyu.

In wurare da yawa suka soma yoyo tare

Ruwa ba ya tsami banza. In aka toshe nan can ya ɓalle, aka sāke sil bai yi wata ba ya sake ci, akwai abin da ke tura man daga ciki. Kowane injin yana da ɗan hayaƙi da ke kuɓucewa ta gefen fistin ya shiga wurin mai, an kuma yi masa ƙaramin bututu na numfashi wanda ke fitar da shi. In bututun ya toshe da dauɗa, iskar ta kan nemi mafita ta kowace roba da kowane gasket, har ta tura geji ya ɗago daga mazauninsa. Wanke bututun ko sāke ɗan bawul ɗinsa aiki ne na rabin awa. Amma in an buɗe murfin zuba mai injin yana aiki a hankali, aka ga hayaƙi yana bulbulowa da ƙarfi, to zoben fistin sun ci, sāke gasket kuwa ba zai yi magani mai ɗorewa ba. Babban abin da ke cinye zoben nan a ƙasashen nan ƙura ce, wadda ke shiga in filtar iska ta yage ko an cire ta an jefar da hunturu.

Akwai dabarun bakin hanya da ya kamata Hakimi ya hana. Lafta gam a kan gasket har ya yi tudu yana da hatsari, domin abin da ya matso ta ciki ya kan gutsure ya toshe rariyar da famfo ke zuƙar mai, injin ya buga alhali geji yana nuna mai a cike. Ƙara ɗaure kusoshin murfi da ƙarfi ya kan lanƙwasa murfin ya ƙara yoyo. Zuba mai mai kauri fiye da wanda masu motar suka rubuta yana rage ɗigo, amma a injunan zamani yana jinkirin isa wuraren da a ke bukatarsa. Liƙe tsagar kwano da gam mai ƙarfi ya halatta don a isa gari, daga nan sai walda ko sabon kwano. Man da a ke sayarwa a buɗaɗɗen galan ko kwalba a bakin hanya kuwa, ba wanda ya san abin da ke cikinsa.

In jar fitilar mai ta kama a kan hanya, ma'anarta mai ya daina isa inda ya kamata, sai a tsaya nan take a kashe injin, a auna, a ƙara daga galan ɗin da ya kamata kullum ya kasance a bayan mota. In an ƙara fitilar ba ta mutu ba, a nemi mai ja. Sai dai in wurin ba wurin tsayawa ba ne, to rai ya fi injin, a ci gaba a hankali har gari mafi kusa ko shingen jami'an tsaro, ko da injin zai tafi.

Aikin malamin Hakimi

Ya kamata kowace mota ta sami ɗan littafi a hannun malami, ba a hannun direba ba. A rubuta kwanan wata, da lambar da agogon mota ya nuna, da inda mai ya tsaya a geji, da yawan wanda aka ƙara da irinsa. Cikin mako biyu littafin zai nuna ko mota tana cin lita guda a kilomita 3,000 ne ko a kilomita 500, wannan kuwa shi zai nuna ko gyaran na gaggawa ne ko zai jira juye mai zuwa. Lita guda a ƙasa da kilomita 1,000 abin bincike ne ba da jinkiri ba. Littafin yana kuma kāre direban kirki daga zargi, gama wasu su kan ɓoye yoyo don tsoron kada a ce su suka ɓata mota, su yi ta ƙara mai daga aljihunsu har ranar da ba su da kuɗin ƙarawa.

In makanike ya kawo lissafi, malami ya tambaye shi ko an wanke injin kafin a yanke hukunci, ya nemi a nuna masa wurin da ido, ya ga samansa a bushe, ya tambayi ko an duba bututun numfashi. Ya rubuta sunan abin da za a sāke da kuɗinsa dabam, ladan aiki dabam, ya kuma ce a komo masa da tsohon da aka cire. Makanike mai gaskiya ba ya jin haushin waɗannan tambayoyi.

Tsohon man da aka juye kada a zubar da shi kusa da rijiya ko a magudanar ruwa, kaɗan daga cikinsa ya kan ɓata ruwa mai yawa. Kada kuma a shafa shi a kan miki ko ƙazuwar dabba kamar yadda wasu makiyaya ke yi, yana da guba. A tara shi a jarka a rufe a mayar wa gareji.

Bayan gyara a sake wanke wurin, a sake barbaɗa farar ƙasa, a shimfiɗa sabon kwali dare uku a jere, a yi tafiya ɗaya mai ɗan nisa a tsakani, kamar daga Faskari zuwa Funtuwa a komo. In kwalin ya wayi gari na uku ba tabo, geji kuma yana inda aka bar shi, sai malami ya rubuta ranar a littafi, a biya makanike cikon kuɗinsa.